Fulotin da zan saya ashe tsohon gareji ne, ya ake gane ko ƙasa tana da guba?

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar fili da gini musamman 'yan uwa na nan Zariya. Shekarata tara ina zaman haya a Tudun Wada, bana dai Allah ya rufa asiri na ɗan haɗa abin da ya samu, dillali ya kai ni wani fuloti mai ƙafa 50 da 100 ta wajen Dogarawa. Takardu ba matsala na kai an duba, mai unguwa ma yace ba rigimar gado a kai, kuɗin kuma ya fi na kewayensa sauƙi nesa ba kusa ba, shi yasa ban tsaya dogon tunani ba na ba da kafin alƙalami aka ce in cika ƙarshen wata.

To jiya bayan la'asar sai na koma ni kaɗai ba dillali, don in ƙara kallon wurin a natse. Ta kusurwar gabas ƙasar baƙa ce ƙirin kamar an zuba kwalta, duk ruwan nan da aka sha bana ciyawa ta rufe ko'ina amma banda nan. Na sa itace na ɗan tona sai ga fasassun robar batir da wasu ɓarɓashi masu ruwan toka, ƙanana amma da nauyi a hannu. Akwai wani dattijo da ke zama gindin darbejiya kusa da wurin, na gaishe shi muka taɓa hira, shi yake ce min ai nan garejin makanikai ne sun fi shekara goma, da suka tashi kuma 'yan gwangwan suka maye wurin suna fasa batir suna ƙona waya. Wai ta baya ma da can kududdufi ne aka cike.

Na kira dillali yace in daina wahalar da kaina, tifa biyar ta jar ƙasa ta kashe magana. Ni kuma wlh raina bai kwanta ba. Yarana huɗu, autan bai rufa shekara biyu ba, duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Ga shi niyyata in haƙa rijiya tunda famfo ba kullum ba, uwargida kuma tun yanzu ta fara lissafin inda za ta shuka alayyahu da zogale da yakuwa.

Shin akwai inda ake gwada ƙasa a garin nan a faɗa maka gaskiyar abin da ke cikinta? In an samu gubar ana iya gyara wurin ko dai in haƙura da abin da na bayar in nemi wani? Kwana goma sha biyu suka rage min.

Dattijon Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya yi maka albarka da ka koma ka duba da idonka, da yawa sai sun kai linta suke fara tambaya.

Ni ba boko na yi a kan wannan ba amma na ga jiya na ga yau a garin nan, kuma kududdufin nan shi zan fara ja maka kunne a kai. Da can ginin Zazzau na ƙasa ne, inda aka haƙi ƙasar tubali da ta yaɓe nan ke zama rami, damina ta cika shi da ruwa, shi yasa kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata. Da gari ya cika sai aka koma zuba shara a ciki, toka, kashin dabbobi, tsumma, gwangwani, daga baya leda da roba da kwalaben magani. In ya cika a kawo jar ƙasa a lulluɓe a yanka fuloti, wanda ya zo daga baya fili zai gani shimfiɗaɗɗe. Ɗan ƙanina ya gina a irin wannan, shekara uku bango ya tsage daga taga har ƙasa, tsakar gida ta lotsa, rijiyarsa kuwa ko wanki matarsa ba ta yarda ta yi da ita saboda wari.

Tarihin fili ba a bakin mai sayarwa yake ba, balle dillali da la'adarsa yake hange. Ka nemi tsofaffin wurin da limamin unguwa, ka nemi masu haƙar rijiya na yankin don su suka san gaba nawa ake tarar da ruwa da kalar ƙasar da ke fita, sannan 'yan ga-ruwa sun san rijiyar da mutane ke gudu. Ka sa maiɗakinka ta shiga maƙwabta, mace ba za ta ɓoye wa 'yar uwarta cewa ruwansu na warin kananzir ko yana da maiƙo a sama ba. Ka kuma je ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka ga ta ina yake shigowa, wani lokacin filinka lafiya lau kwatar da ke gangarowa daga marina ko mahauta ita ke kawo maka ɓarna.

Kuɗinka kuma kar ka yi saurin haƙura. A shari'a ɓoye aibin kaya haramun ne kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in aibin ya bayyana. Ka samu mai filin kansa gaban mai unguwa da shaidu, cikin mutunci ba faɗa ba, a ƙara maka lokaci ka yi gwaji, a rubuta cewa in wurin bai yi ba za a maido maka da naka.

Magini Sabon Gari:

Oga Baban Walid ni magini ne shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a daga Sabon Gari har Shika, gaskiya ni maganar guba ban cika ɗaukarta da zafi ba, mu a kan bola muka tashi muna wasa ga mu har yau da ƙarfinmu, ban taɓa ganin wanda ƙasar gidansa ta kwantar ba. Ka zuba ciko ka yi jaman fulo ka shafe tsakar gida da siminti shikenan.

Inda nake tare da Baba ɗari bisa ɗari shine kududdufin. Kafin ka ƙara ko sisi ka ɗauki lebura biyu su haƙa maka rami uku ko huɗu gaba da tsakiya da baya, su yi ta tafiya har sai sun taɓa ƙasar Allah ta asali, jar nan mai tauri ko marmara, za ka gane ta don diga tsalle take yi. In a ƙafa uku ko huɗu aka same ta alhamdulillah. In kuwa an wuce tsayin mutum ana ta fito da leda da baƙar ƙasa mai laushi to fandisho na yau da kullum ba zai riƙe ba sai injiniya ya zana maka na musamman, ko a shimfiɗe rodi da kankare gaba ɗaya ko a saukar da ginshiƙai har ƙasa mai ƙarfi, kuma wlh abin da za ka kashe a nan sai ya cinye rangwamen ya nemi ƙari, araha ba ta ado. Inda aka daɗe ana zubar da ruwan batir shima a kwashe kafin a zuba kankare, yana cin siminti yana sa rodi tsatsa.

Ɗan Samaru:

Salam. Baban Walid wannan fannina ne, kimiyyar sinadarai na karanta kuma gwajin ƙasa da ruwa shine aikina, zan ɗan tsawaita ka yi haƙuri.

Malam magini maganarka ta rami daidai ce amma ta guba ban bi ka ba. Abin nan mai ruwan toka mai nauyi da ya tono dalma ce. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, in an fasa shi a ƙasa ruwan da garin cikinsa duk nan suke zuba, in ana narkawa kuma hayaƙin ya sauka a kewaye. Ita dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta cinye ta, ko shekara hamsin aka yi in ba kwashe ta aka yi ba tana nan a saman ƙasa inda yara ke rarrafe. Baƙin mai shi kuma nutsawa yake yi ya nemi ruwa.

Aikin hawa biyu ne. Na farko ba ya cin kuɗi, shine bin tarihi da Baba ya faɗa. Abin da zan ƙara, ka buɗe Google Earth akwai inda ake komawa hotunan shekarun baya, ka nemo filin ka riƙa ja baya za ka ga inda rumfunan garejin suke da girman kududdufin kafin a cike shi, ko ya shigo iyakarka ko a bayanta ya tsaya. Ka zana filin a takarda ka yi alama duk inda kake zargi, don ɗibar ƙasa ba a yin ta da ka.

Na biyu ɗibar samfur. Kuskuren da aka fi yi shine mutum ya haɗa ƙasar ko'ina a leda guda, sai mai kyau ta surka mara kyau sakamako ya fito lafiya alhali ba lafiya ba. Baƙin wurin nan nasa daban, ka ɗebi ta sama kamar santimita 5 na farko, sai ta zurfin ƙafa ɗaya, sai ta mita ɗaya, kowacce da ledarta don a san iya inda abin ya nutsa. Inda za a yi tsakar gida da inda uwargida ke son lambu nan kana iya tsintar wuri biyar-biyar ka gauraya. Cikon kududdufi daban. Sai guda daga wata gona nesa da wurin don a kwatanta. Rabin kilo ya isa kowanne, da cokalin roba ko na silba a wanke tsakanin ɗiba da ɗiba, sabuwar leda, a rubuta wuri da zurfi da kwanan wata a jiki. Wanda za a nemi mai a cikinsa kwalba ake sa shi a cika taf a rufe gam a sa a kula da ƙanƙara, don abin da ake nema yana bin iska. Ka sa safar hannu da takunkumi, takalmin da kayan kar su shiga ɗaki wajen yara. In kana ganin takardar za ta je gaban shari'a gara ma'aikatan lab su zo su ɗiba da kansu.

Wajen kaiwa kuwa mu Zariya Allah ya yi mana gata. Akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Basawa, akwai IAR, cibiyar binciken aikin gona, da sashen sinadarai na ABU a Samaru, ga CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU, masu na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004 suna auna ƙarafa a cikin ƙasa, ruwa kuma akwai sashen injiniyancin ruwa da muhalli. Ka fara zuwa ka ji abin da kowa ke yi da farashinsa. Amma ka iya bakinka, in ka ce gwajin ƙasa kawai wani zai yi maka na manoma na taki, wani na injiniyoyi na ƙarfin ɗaukar gini, duka biyun ba sa ganin guba. Ka ce ƙarafa masu guba kake so, dalma a kan gaba, sai kadmiyam da kuromiyam, da tsamin ƙasa, da yawan man da ke ciki.

Sakamako lambobi ne, miligiram a kowane kilo. Ƙasar da ba a ɓata ba dalmarta yawanci ba ta kai 50. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana riƙe da 400 a matsayin inda in an kai a unguwar zama sai an zurfafa bincike, a 2024 ta sauke zuwa 200. Wuraren fasa batir kuwa dubbai ake samu.

Sai ruwa. Zariya a kan dutse take zaune irin wanda ya ɓullo a Kufena, rijiyoyinmu ruwan da ya taru a ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa suke ja, ba zurfi, a watan Agusta wata rijiyar guga ɗan kaɗan zai sauka. Duk abin da ya tsiyaya daga shara ko masai ko mai can yake tafiya. Tunda ba ka da rijiya tukuna ka roƙi maƙwabta biyu mafi kusa musamman na gangare a gwada nasu, da damina a sake da rani. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya dalma kar ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret (sinadarin da ke tsiyaya daga masai da taki) miligiram 50, ƙwayar cutar bayan gida kuma ko ɗaya kar a gani a mililita 100. Ka lura fuloti 50 da 100 mita 15 ne da 30, shawarar da aka fi bayarwa kuma rijiya ta nisanci masai da sokawe kamar mita 30, kaga ko ba gareji ma lissafin da ƙyar yake fita.

Takardar KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, mallaka take tabbatarwa, izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, na tsarin gini ne, babu wanda ke nufin an auna guba. Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ma manyan ayyuka ta shafa ba mai fuloti ɗaya ba, in ba kai ka yi ba ba mai yi maka.

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce ɓangaren yara na fi daɗewa, kuma uwa ce, shi yasa na kasa wucewa. Malam magini don Allah kar ka ji haushi, maganar mun tashi a bola ga mu lafiya ita ke ba ni tsoro, don gubar dalma ba ta sallama in za ta shiga. Yaro zai yi ta wasansa a hankali jini na raguwa, ga ciwon ciki ga yawan rigima, in ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa a yi ta dukansa a kan karatu ana ce masa daƙiƙi, ba wanda zai kawo ƙasar tsakar gida a ransa. Kuma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta a jini da za a ce ba komai, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa, ballantana yaron da abinci mai gina jiki bai ishe shi ba.

Mun manta Zamfara ne? 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Duwatsun zinare ake kawowa gida ana daka ana niƙa ashe cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna. Yara suka riƙa suma da jijjiga ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura, yara sama da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka zubo sabuwa, don in ka ba yaro magani ka maida shi cikin ƙurar aikin baban giwa ka yi. Ban ce filinka ya kai can ba, amma gubar ɗaya ce hanyar shigarta ma ɗaya, ƙura da hannu zuwa baki.

Ku maza da safe kuke fita. Mu ke shara mu ke shaƙar ƙura musamman da hunturu, mu ke shanya tsaki da kuka da kuɓewa a tsakar gida, yara a ƙasa suke wuni. Dalma a ƙashi take taruwa shekara da shekaru, in mace ta samu ciki ta fito ta bi jini ta isa ga abin da ke cikin. Kar kuma wani yace za a tafasa ruwa, tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, dalma da naitiret suna nan. Lambun ka ba uwargida haƙuri tukuna.

Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo, yanzu haka yaran maƙwabta suna wasa a filin nan ko? Ko ka saya ko ba ka saya ba dan Allah ka gaya wa mai unguwa a hana su zuwa kusurwar nan.

Baban Walid:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Ga inda aka kwana. Shekaranjiya mun zauna da mai filin a zauren mai unguwa, da farko ya ɗan hau sama wai ɓata masa fili ake son yi, da liman ya sa baki ya yarda an ƙara min wata ɗaya an rubuta. Jiya na kawo lebura mun haƙa rami huɗu. Biyu na gaba a ƙafa uku muka tarar da jar ƙasa mai tauri. Na gabas baƙin ya tafi kamar ƙafa biyu da rabi yana warin mai sannan ya fara washewa. Na baya shine abin, mun kai ƙafa bakwai leda ce da toka da tsumma da fasassun kwalabe, baƙin ruwa mai wari ya fara tsattsafowa muka tsaya. Hoton Google ma ya nuna kududdufin ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na filin. Uwargida ta shiga gida uku, biyu sun ce da damina ba sa shan rijiyarsu sai dai wanki. Hajiya Maman 'Yan Biyu maganarki gaskiya ce na tarar da yara suna tsintar ɓarɓashin nan wani har a aljihu yake tarawa, mai unguwa ya sa an kewaye wurin da ƙaya.

Na ɗebi leda bakwai da kwalba biyu Litinin zan kai. Malam Ɗan Samaru in ya fito da yawa gyaran ya yake? Mai filin yace zai rage kuɗi in na yarda in kwashe da kaina.

Magini Sabon Gari:

Ƙafa bakwai ba a taɓa ƙasa ba? Oga kar ka ɗora ɗaki a bayan nan ko kyauta aka ba ka. Hajiya na ji bayaninki na gode, mu da muke tono da hannu mu zauna nan mu ci abinci ashe har mu abin ya shafa.

Ɗan Samaru:

Ana gyarawa amma ka yi lissafi da biro kafin ka amsa masa. In a kusurwar nan kaɗai dalmar ta taru kwashewa ake yi, a jiƙa ƙasar kar ta yi ƙura, a haƙa har a wuce inda gwajin zurfi ya nuna, sannan a sake ɗibar samfur a gindin ramin a tabbatar kafin a cike. Wuri mai mita 5 da 5 zurfin mita ɗaya kubik mita 25 kenan, aikin tifa ne ba na baro ba. Babbar matsalar ina za a kai ta. Kar ka bari direba ya sayar wa wani a matsayin ciko ko manomi ya kwashe a zaton taki ce, kasan yadda ake jidar juji zuwa gonaki da fadamun bakin Kubanni da Galma, daga can ta dawo mana kasuwa a latas da kabeji. Ka je ofishin KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, su nuna maka inda za a zuba. Cikon da za a kawo maka shima ka bi motar ka ga inda aka haƙo shi. Bayan nan tsakar gida duk a shafe ta da kankare, lambu a buhu ko bokiti da ƙasar da aka kawo daga waje. Tifa biyar ta dillali rufewa ce kawai, ranar da aka zo haƙa fandisho ko sokawe za a juyo da ita sama.

Wanda ba ya kwasuwa da sauƙi shine kududdufin da ruwan ƙasa. Shara mai zurfi haka tana ci gaba da ruɓewa tana lotsawa tana fitar da iskar gas mai kama wuta wadda kan taru a rufaffen wuri kamar ƙarƙashin daɓe, ruwanta kuma gefe yake tafiya. Rijiya dai ka cire ta a lissafi, in bohol ne sai an sa kesin, wato bututun da ake zura wa ramin, an toshe saman da siminti har a wuce ruwan sama-sama, shima a gwada kafin a sha. Ka haɗa kuɗin gwaji da kwasa da ciko da kankare da bohol, ka tuna kashi ɗaya cikin uku na filin ba na ɗaki ba ne, sai ka ajiye kusa da farashin lafiyayyen fuloti a unguwar. In ni ne da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, dalma ta fito da yawa har a tsakar gida ba kusurwa kaɗai ba, kuɗina zan karɓa.

Ledojin nan kar su kwana cikin ɗaki, ka sa su a bokiti mai murfi inda yara ba sa kaiwa, kwalaben kuma kar ƙanƙara ta yanke musu har Litinin. In ka karɓo takardar ka ɗauki hotonta ka sa a nan mu duba lambobin tare.